Fasahar muhalli da bashin da take bari a baya

A watan Disambar 2015, yayin da shugabannin duniya ke taron sauyin yanayi a birnin Paris, mazauna birnin sun tarar da manyan curin ƙanƙara 12 a dandalin Panthéon, an jera su da'ira kamar fuskar agogo. Nauyinsu a haɗe ya kai kimanin tan 80. Mai fasaha Olafur Eliasson da masanin duwatsu Minik Rosing ne suka sa aka tsamo su daga wani mashigin teku kusa da Nuuk a tsibirin Girinlan, inda suka riga suka ɓalle daga uwar ƙanƙara suna yawo a kan ruwa. Mutane sun shafa su, wasu sun kara kunne sun ji kumfar iskar da ta daɗe a kulle tana fashewa, sun kuma tsaya suna kallon ruwan yana kwarara a kan daɓen dandalin. Sunan aikin Ice Watch. An fara shi a Kofanhagan a 2014, aka maimaita shi a Landan a 2018 da curi 30.

Wannan ita ce fasahar girkawa. Maimakon zane a bango ko sassaƙa a kan turke, mai fasaha yana ɗaukar wuri sukutum, ɗaki ko fili ko bakin ruwa, ya shirya kaya a ciki yadda mai kallo zai shiga ya zagaya, ya ji sanyi ko ƙamshi ko ƙara a jikinsa. Masu yin ta sun karkata sosai ga batun muhalli, kuma dalilin a bayyane yake: alƙaluman masana ba sa shiga zuciya kamar yadda ƙanƙara mai narkewa a tafin hannu take shiga.

Ina ganin amfanin wannan fasaha, shi ya sa nake son a riƙa yi mata hisabi mai tsauri. Aikin da ya ce yana magana a madadin ƙasa da ruwa da itatuwa, tilas a tambaye shi me ya ci kafin a buɗe shi, me ya ɓata yana tsaye, da kuma inda kayansa suka nufa bayan an tashi. Hoton ranar buɗewa ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ƙanƙarar Paris ta taso daga Nuuk cikin kwantenoni masu injin sanyi, jirgin ruwa ya kai ta Aalborg a Denmak, daga nan manyan motoci suka ƙarasa da ita. Wata ƙungiyar Landan mai suna Julie's Bicycle ta lissafa hayaƙin kabon da aikin ya fitar, ta samu kimanin tan 30. Ɗan Najeriya ɗaya, a matsakaicin lissafi, ba ya fitar da tan guda a shekara. Ke nan kallon 'yan kwanaki ya cinye rabon mutum fiye da 30 na shekara cur. Abin da ya ceci Eliasson a wurina shi ne bai ɓoye lissafin ba, ya bari aka auna aka bayyana. Mai kallo na iya cewa kuɗin ya yi yawa ko ya yi daidai, amma dai an ba shi abin da zai yi hukunci da shi. Yawancin ayyukan da ke ɗauke da tutar muhalli ba sa fitar da wannan takarda ko kaɗan.

Shi dai wannan Eliasson ya gamu da darasi mai ɗaci a New York a 2008. Ya kafa magangarar ruwa guda 4 a gaɓar East River, kan ƙarafan gini masu tsawon mita 27 zuwa 37, famfuna suna jan ruwa sama suna sakin sa. An kashe dala miliyan 15.5. Matsalar ita ce East River ruwan teku ne ke shiga cikinsa, akwai gishiri. Iska ta riƙa kwasar feshin tana watsa shi kan itatuwan unguwar Brooklyn Heights. Gishiri idan ya zauna a kan ganye yana zuƙe ruwan cikinsa, ganyen ya ƙone daga baki ya zube tun kaka ba ta zo ba. Sai da aka riƙa wanke itatuwan da ruwan daɗi, aka kuma rage awannin kunna famfunan da kusan rabi. Auna gishirin ruwan da duba inda iska ta fi kaɗawa aiki ne na 'yan kwanaki, kuma ya kamata a ce an gama shi kafin a ɗaura ƙarfe na farko.

Iska ta fi gishiri haɗari. A 1991 masu fasaha Christo da Jeanne-Claude sun buɗe manyan laimomi 3,100, shuɗaye 1,340 a Japan, rawaya 1,760 a Kalifoniya, kowace mai tsawon mita 6 da faɗin da ya haura mita 8. Guguwa ta tumɓuke ɗaya a Kalifoniya ta kashe wata mata mai kallo. Aka rufe aikin nan take, sannan wajen kwashewa a Japan wutar lantarki ta kashe wani ma'aikaci. Duk mai son rataya yadi ko tamfol ko raga a fili ya riƙe wannan lissafi: iskar da ke gudun kilomita 72 a awa tana danna kowace murabba'in mita da nauyin kusan kilo 25. Tamfol mai mita 10 da mita 5 zai ɗauki fiye da tan guda. Idan gudun iskar ya ninka, ƙarfin ninkawa huɗu yake yi. Don haka ake huda yadi ko a zaɓi mai ramuka don iska ta wuce, a binne turaku cikin kankare, a kuma tanadi hanyar sauke aikin cikin mintuna idan hadari ya haɗo.

Tudun Marble Arch na Landan, wanda masu zanen gine-gine suka tsara a 2021, ya nuna kuskure na uku, wato gaggawa da abu mai rai. Tudu ne na ƙarafa mai mita 25 da aka lulluɓe da ciyayi da itatuwa a tukwane, aka buɗe shi kafin tsiron ya kama. Masu kallo suka tarar da ciyawa ta yi ja, ƙarafa a waje, aka mayar musu da kuɗin tikiti, kuɗin aikin kuma ya tashi zuwa fam miliyan 6. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ayyukan da na fi girmamawa su ne waɗanda suka ɗauki noma a matsayin noma. A 1982 Agnes Denes ta samu fili eka 2 a bakin Manhattan na birnin New York, juji ne na ɓaraguzai kusa da Wall Street. Ta sa aka kawo ƙasa mota 200, aka tsince duwatsu da ƙarafa, aka ja kunya 285 da hannu, aka shuka alkama a watan Mayu. Wata huɗu ana ban-ruwa, ana cire ciyawa, ana yaƙi da cutar tsiro. Ranar 16 ga Agusta aka girbe alkama fam 1,000 da 'yan kai, wato kilo 450 ko sama kaɗan, buhu huɗu da rabi. Manomin alkama na Kadawa zai ce wannan amfani bai kai ya kawo ba, kuma gaskiyarsa, ƙasar aro ce mara zurfi a kan juji. Sai dai filin da ya ba da buhunan nan an ƙiyasta darajarsa dala biliyan 4.5, kuma tambayar da Denes ke yi ke nan: wane irin ma'auni ne ya sa fili ya yi wannan tsada alhali abincin da zai fito daga cikinsa bai cika amalanke ba? Ƙwayar ta zagaya birane 28 a wani nuni kan yunwa, aka rarraba iri, harawar kuma ta tafi ga dawakan 'yan sandan birnin. Babu abin da aka zubar.

A wannan shekarar ce Joseph Beuys ya fara aikin da har yau ban ga wanda ya fi shi tsari ba. A bikin fasaha na documenta a Kassel ta Jamus, ya jibge dogayen baƙaƙen duwatsu 7,000 a dandalin gaban gidan nunin Fridericianum. Sharaɗinsa guda ne: ba a ɗauke dutse sai an dasa bishiya a wani wuri cikin birnin, a kafa dutsen a gefenta. Mutanen gari da yawa sun tsani tulin, sun ce ya ɓata musu dandali. Wannan tsanar ita ta zama injin aikin, domin duk mai son tulin ya ragu dole ya so dashe. Mai son ɗaukar nauyin bishiya ɗaya yakan ba da mark 500, kuɗin Jamus na lokacin. Beuys ya rasu a Janairun 1986 aikin bai ƙare ba, ɗansa ne ya dasa ta ƙarshe a 1987.

Dutsen yana da aiki fiye da ado. Yana tsaye kimanin mita 1.2 a saman ƙasa, don haka yana zama ma'auni: a farko shi da dashen kusan tsara ne, bayan shekaru bishiyar ta bar shi a gindinta. Yana kuma zama shaida. Bishiyar da ba ta da alama idan ta mutu babu wanda zai lura, amma dutse tsaye shi kaɗai a bakin titi yana nuna wa kowa cewa an yi rashi, sai an maye gurbi. Sunan aikin 7000 Oaks, amma ba duka itatuwan ne irin bishiyar oak ba, an sa wasu iri inda wurin ya fi karɓar su, kuma hukumar birnin na ci gaba da kula da su. Denes ma ta bi irin wannan hanya a Ylöjärvi ta Finlan, inda aka tara tudu a tsohon ramin tsakuwa, mutum 11,000 suka dasa bishiya 11,000, aka kammala a 1996. Kowa ya karɓi takardar riƙon amanar bishiyarsa wadda magada za su gada, an kuma ɗaure wurin da alƙawarin kariya na shekara 400.

A Afirka ta Yamma ƙarfin wannan fasaha ya fi fitowa daga kayan da aka yar. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Najeriya ta Nsukka daga 1975 zuwa 2011, yana baje murafun kwalabe na alminiyam, a huda su, a ɗinke da wayar tagulla har su zama shimfiɗa mai rufe bango. Ana naɗe ta kamar zane a sa a akwati, don haka jigilarta ba ta da nauyi. Serge Attukwei Clottey na Akara yana yanka jarkokin ruwa rawaya ƙanana-ƙanana ya haɗa su da waya, jarkokin da 'yan Gana suka laƙaba wa sunan Kufuor saboda ƙarancin ruwan da aka sha a zamanin mulkinsa. Masu son kwaikwayon su su kula da abu biyu. Tagulla da alminiyam idan suka haɗu cikin danshi, alminiyam ɗin ne ke ciwuwa a wurin ɗinkin, saboda haka irin wannan aiki ba ya son damina a waje. Robar jarka kuma rana tana gasa ta har ta yi gautsi ta riƙa marmashewa, ɓurɓushin ya shiga ƙasa da magudanar ruwa inda ba mai iya tsince shi. Aikin roba a fili yana buƙatar ranar saukewa a rubuce da wurin da za a kai robar.

Otobong Nkanga, wadda aka haifa a Kano a 1974 take zaune a Antwerp, ta warware matsalar ta wata fuska. A documenta ta 2017 ta kafa wurin dafa sabulu a Atina ta Girka, aka haɗa mayuka daga yankin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da Afirka, har da man zaitun da man kaɗe, aka zuba gawayi. An jera sabulan kamar hasumiya a Kassel ana sayarwa, mai saye sai ya tsaya ya ji bayanin inda kowane mai ya fito. Kuɗin ya koma ga wata gidauniya a Akwa Ibom da wani wurin fasaha a Atina. Aikin yana narkewa a hannun mai wanka, ba ya barin juji.

Hukumomi da kamfanoni da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan ayyuka su ne ke da ikon gyara, domin su ke sa hannu a kwangila. Kasafin da ya ƙare ranar buɗewa rabin kasafi ne. A ɗauki misalin wanda zai yi irin aikin Beuys a ƙasa mai dogon rani kamar tamu, da dashe 1,000 kacal. Rami mai faɗi da zurfin santimita 50 zuwa 60, a dasa bayan damina ta zauna, a kewaye kowane da ƙaya ko waya saboda awaki. Idan aka ba kowane lita 20 sau biyu a mako, lita 40,000 ke nan duk mako. Rani na mako 30 zai ci lita miliyan 1.2, wato tankar lita 10,000 sawu 120, kuma rani na biyu ma sai an taimaka. Duk takardar neman tallafi da ba ta nuna wannan ruwa ba, da sunan wanda zai kai shi, da kuɗin maye gurbin waɗanda za su mutu, bai kamata a sa mata hannu ba komai kyan zanen da ke bangonta.

Haka batun kwashewa. A 2021 Maya Lin ta kafa matattun itatuwa 49 na irin da ake kira sida (cedar) a lambun Madison Square na New York, dogaye masu kusan mita 12, babu ganye ko ɗaya. Daga dajin Pine Barrens na New Jersey aka kawo su, inda ruwan gishiri ya kutsa ya kashe su, kuma dama an shirya sare su don dajin ya farfaɗo. Ba a kashe bishiya mai rai don aikin ba. Sun yi wata shida a tsaye tsakanin koren itatuwan lambun. Da aka sauke su aka yanka su katako, aka miƙa wa ƙungiyar Rocking the Boat da ke unguwar Bronx, matasan da take koya wa sana'a suka ƙera kwale-kwale da shi suka sa a ruwa.