Ƙannena masu niyyar karatun lauya a Amurka, kada ku faɗa wa LSAT da ka

Assalamu alaikum.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame muna laluben takalma a ƙofar masallaci a nan Bronx, wani yaro ɗan unguwarmu ya tare ni. Bana ya gama digirinsa na farko, kuma na san mahaifinsa, shekara da shekaru yana tuƙa tasi dare da rana don yaron nan ya yi karatu. Ya ce, "Yaya, na yi rajistar LSAT, saura mako biyar." LSAT ita ce jarrabawar neman shiga makarantar lauya a Amurka. Na tambaye shi sau nawa ya zauna ya yi cikakken gwaji da agogo a gabansa. Ya ce bai taɓa ba, amma ai shi tunda yake bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba, domin maganar da na faɗa wa kaina ke nan a shekarun baya. Na shiga da shirin mako shida, na fito da makin da ba ya kai mutum inda yake so, na yi asarar shekara guda cur kafin na gyara. Ba na so ɗayanku ya maimaita wannan.

Jarrabawar nan ba ruwanta da sanin doka. Ba za a tambaye ku sashe kaza na tsarin mulki ba, ba za a tambaye ku sunan wata shari'a ba. Hukumar LSAC ce ke shirya ta, tun 1948 ake yin ta, kuma makarantun lauya na Amurka da yawancin na Kanada da ita suke auna mai neman shiga. Maki yana farawa daga 120 ya tsaya a 180. Sassa huɗu ne, kowanne minti 35, da hutun minti 10 a tsakiya. Biyu na bin diddigin hujja ne, ɗaya na karatu da fahimta, na huɗun kuma na gwajin sababbin tambayoyi ne, ba a lissafa shi, sai dai ba za a gaya muku wanne ne ba, don haka kowanne sai ku ba shi haƙƙinsa. Akwai kuma rubutun kare ra'ayi da ake yi daban a kwamfuta. Ba a ba shi maki, amma makarantu suna gani, kuma ba a sakin sakamakonku sai kun yi shi. Wani abu kuma: tun Agustan 2024 aka cire sashen nan na wasannin lissafin tunani, inda ake jera mutane a kujeru ana zana jadawali. Idan wani yayanku ya bar muku tsohon littafinsa, ku duba shekarar bugu, kada ku ƙarar da wata biyu kan abin da ba zai fito ba.

Mu an raine mu da hadda, kuma hadda abin alfahari ce a inda ta dace. Da ita muka riƙe Alƙur'ani, da ita da yawanmu muka ƙetare jarrabawoyin makaranta. A nan ba ta da inda za ta kama. Za a ba ku 'yar gajeriyar magana, layi huɗu ko biyar, a ce ku nuna inda ta yi rauni, ko abin da mai maganar ya ɗauka tabbas ne alhali bai faɗa ba, ko wane bayani ne zai rushe ta. Misali, wani ya ce: tun da aka sa fitilu a layin kasuwa sata ta ragu, ashe fitilu ne suka kori ɓarayi. Mai gaggawa zai gyaɗa kai. Wanda ya horu zai tsaya ya ce, to idan a watan ne aka ɗauki 'yan sintiri fa? Idan satar ta ragu a duk garin, har layukan da ba fitila? Idan kuma mutane ne suka gaji da kai ƙara? Amsoshi biyar za a jera muku, biyu daga ciki za su yi kama da gaskiya, ɗaya ce kawai ta taɓa ainihin gurbin da ke tsakanin dalili da hukunci. Tambayoyi wajen 25 a minti 35, wato ko minti ɗaya da rabi ba ku da shi a kan kowace.

Abin da ya buɗe mini kai, wallahi, ba wani littafin Turanci ba ne, karatun zaure ne. Duk wanda ya zauna gaban malam ya yi fikihu ya san salla ba ta inganta sai da tsarki, amma kuma don mutum ya yi alwala ba a cewa ya yi salla. Tsarki sharaɗi ne da ba makawa sai da shi, amma shi kaɗai bai wadatar ba. Wannan bambancin, tsakanin abin da dole sai da shi da abin da shi kaɗai ya isa, tambayoyi masu yawa a kansa suke zaune. Mai shirya tambaya zai ce "duk wanda ya yi salla yana da tsarki", sannan ya ɗana muku tarko da amsar da ke cewa "wane yana da tsarki, ashe ya yi salla". Ranar da na gane cewa tun ina yaro na san wannan ƙa'idar, sunanta kawai aka canza, tsoron sashen ya fita daga raina. Kuna da wannan gadon, ku yi amfani da shi. Sai dai ku kula da ƙananan kalmomin Turanci masu nuna "wasu", "yawanci", "duka", "sai dai idan". Mu da muke tunani da harshe biyu ko uku mukan tsallake su da sauri, kuma a nan ake zubar da maki.

Sashen karatu kuwa rukuni huɗu ne na rubutu mai nauyi, daga kimiyya, doka, tarihi da adabi, wani lokaci ɗaya daga ciki yakan zama gajerun rubutu biyu da za ku gwama. Ba a bukatar ku san fannin. Ana so ku rarrabe ra'ayin marubuci da ra'ayin waɗanda yake kawowa don ya soke su. Maganinsa karatu ne kullum, na abin da ba ku saba ba.

Yanzu ga yadda ake shiri, kuma nan ne na fi so ku saurare ni. Ku buɗe asusu a LawHub, dandalin LSAC ɗin kanta, akwai tsofaffin jarrabawoyi na gaske kyauta. Ku yi ɗaya tun ranar farko, da agogo, waya a kashe, ba tare da kun karanta komai ba. Duk makin da ya fito kada ya karya muku zuciya, ma'auni ne kawai na inda kuka tsaya. Daga nan ku ba kanku wata huɗu zuwa shida idan kuna aiki ko kuna makaranta. Kuskurena na farko shi ne tara gwaji: in yi, in duba maki, in ji haushi, gobe in sake wani. Maki bai motsa ba. A zagaye na biyu na sayi littafin rubutu mai bangon kwali, na ajiye shi kan teburin kicin. Bayan Asuba, kafin gida ya tashi, sai in ɗauki tambayoyin da na faɗi jiya, ɗaya bayan ɗaya, in rubuta da hannuna me ya sa amsar da na zaɓa ta ja ni, da me ya sa ta gaskiyar ta fi ta. Wata tambayar takan ci mini minti ashirin. Har waɗanda na ci da sa'a nake rubutawa, don canka ba sani ba ne. Bayan wata guda da na koma baya na karanta, sai na ga kuskure iri uku ne kawai nake ta maimaitawa cikin riguna daban-daban. Daga nan maki ya fara hawa. Wannan aikin ba ya da daɗi, kullum kana kallon gazawarka ido da ido, amma ban san wata hanya da ta fi shi ba. Kuma ranar jarrabawa kada ku bar tambaya ba amsa, ba a rage maki don kuskure.

Kada ku ce bari in shiga in ɗanɗana. Sau biyar kawai ake yarda mutum ya yi cikin shekarun da ake lissafa sakamako, wajen shekara biyar, sau bakwai a duk rayuwa, kuma makarantu suna ganin tarihin duka, ko da yake yawancinsu mafi girman suke dubawa. Idan gwaje-gwajenku na gida ba su kai inda kuke nema ba, ku ɗaga ranar. Ba abin kunya ba ne.

Me ya sa nake matsa muku haka a kan 'yan makuna? Domin a wannan harkar maki kuɗi ne. Matsakaicin mai jarrabawa yana faɗowa wajen 150 da 'yan kai, manyan makarantu irin Yale, Harvard da Stanford kuwa tsakiyar makin ɗalibansu ya haura 170. Kowace makaranta tana gadin tsakiyar makinta, saboda da shi ake jera ta a gaban takwarorinta, don haka idan makinku ya ɗara nata, ita ce za ta bi ku da tallafin karatu. Digirin JD, wato digirin lauya na Amurka, shekara uku ne, kuma a manyan makarantu masu zaman kansu kuɗin makaranta kaɗai ya wuce dala 70,000 a shekara, ban da haya da abinci. Wanda bai samu tallafi ba bashi zai ci, bashin nan kuma mai ruwa ne, yana fara hayayyafa tun kana aji. Ni dai a matsayina na Musulmi wannan ya hana ni barci, kuma na san zai dami da yawanku. Wata uku na ƙarin shiri zai iya sauke muku dubban daloli na wannan nauyin. Kada kuma labarin albashi ya ruɗe ku. Gaskiya ne manyan kamfanonin lauyoyi suna fara biyan sabon shiga sama da dala 200,000, amma 'yan kaɗan ne ke shiga can, da yawa ko rabin haka ba sa samu a farko.

Kafin ku nemi kowace makaranta, ku binciko rahotonta na 509, wanda ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ta wajabta wa duk makarantar da ta amince da ita ta wallafa. A ciki za ku ga makin waɗanda aka ɗauka, da yawan masu tallafi, da kuma abin da mutane ba sa dubawa: tallafi mai sharaɗi, da adadin waɗanda aka ƙwace wa ko aka rage wa. A shekarar farko ana auna ɗalibai ne da junansu, dole wasu su faɗo ƙasa komai ƙoƙarinsu. Idan aka ce tallafinku sai kun riƙe maki kaza, ku tambaya a rubuce mutum nawa suka rasa nasu bara. Ku duba kuma nawa ne cikin ɗalibansu ke cin jarrabawar zama lauya, nawa ke samun aikin lauya na gaske.

Sai lokaci. Yawancin makarantu suna buɗe ƙofa a Satumba, kuma suna duba takardu ne yadda suke isowa, suna raba kujeru da kuɗi tun da wuri. Wanda ya kammala a Oktoba ko Nuwamba ba ɗaya yake da wanda ya turo a Fabrairu ba, ko da makinsu ɗaya. Takardun sakamakonku da wasiƙun malamai duk ta asusun CAS na LSAC suke bi, wato sashen da ke tattara takardunku ya aika wa makarantu, kuma suna ɗaukar lokaci. Ku je wurin malamin da ya san aikinku tun kafin hutun bazara, kada ku nemi mai babban suna wanda ko fuskarku bai riƙe ba. Masu ƙaramin ƙarfi da ke da takardun zama a nan su nemi yafiyar kuɗin rajista daga LSAC kafin su biya komai.

A takardar bayanin kai, ku bar "tun ina yaro nake son adalci", kowa haka yake rubutawa. Ku ba da abu ɗaya da ya faru da ku. Yawancinku kun taɓa raka uwa ko kawu kotun haya ko ofishin shige da fice kuna yi musu tafinta tun kuna 'yan shekara goma sha, kun ga yadda kalma ɗaya da ba a fahimta ba take juya rayuwar iyali. Wannan labarin naku ne, ba mai iya aro. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 ya hana ɗaukar ɗalibi saboda launin fatarsa, amma bai hana ku faɗin abin da kuka rayu a cikinsa ba. Kuma da Allah, inda aka tambaye ku ko an taɓa kama ku ko makaranta ta taɓa hukunta ku, ku faɗi gaskiya komai ƙanƙantar abin. Bayan shekara uku hukumar da ke ba da lasisin lauya za ta gwada amsarku ta yau da abin da ta binciko, kuma ɓoyewar ta fi laifin kansa hatsari.

'Yan'uwa da ke gida Najeriya masu aiko mini da tambaya, ku lura sunan ne ɗaya, abin daban. Makarantar lauyoyi ta gida, ko a Bwari ko Bagauda ko Yola, ta shekara ɗaya ce bayan LLB, wato digirin farko na doka, na shekara biyar. A Amurka kuwa sai ka gama digiri a kowane fanni sannan ka shiga JD. Wanda ya riga ya zama lauya a gida, galibi LLM, wato digiri na biyu a doka, na shekara ɗaya ne hanyarsa, ba a neman LSAT a kansa, kuma jihar New York tana cikin masu buɗe wa lauyoyin waje ƙofar jarrabawarta bisa sharuɗɗa. Ku kuma sani ɗalibin waje ba ya samun bashin gwamnatin tarayya, don haka maganar tallafi ta fi shafarku.

Yaron nan na kira shi daren Asabar, mun yi kusan awa guda muna magana. Da farko ya ce mahaifinsa ya riga ya gaya wa abokansa, ɗaga ranar zai zama kamar ya ja da baya. Na ce ni zan je in gaida Baba in yi masa bayani da bakina. Ya amince zai yi gwajin farko ranar Lahadi a ɗakin karatu na unguwa, da agogo. Na saya masa littafi mai bangon kwali, Litinin bayan Isha za mu zauna a kan tambayoyin da ya faɗi.