Sarauniya Marie de Medici da zanen Rubens

Akwai wani labari da ya yaba wa Marie de Medici, matar Sarki Henry na 4 na Faransa, kan yadda ta riƙe masu zane, amma fa ya tsallake siyasar da ke ciki. Zane 24 ɗin da ta sa shahararren mai zane Rubens ya yi mata daga 1622 zuwa 1625, kusan duk wanke kanta take yi bayan rigimarta da ɗanta Louis na 13. Ku duba zanen da ake ɗora mata kambi tana durƙushe. Washegarin wannan naɗi, a 1610, aka kashe mijin. Yanzu zanen suna gidan tarihi na Louvre a Paris, fadarta ta Luxembourg da ke Paris kuwa, wadda aka yi zanen dominta, majalisar dattawan Faransa ce a ciki. Ita baiwar Allah a Jamus ta rasu a 1642, tana gudun hijira, hannu babu komai.