Wai ya yi wuri a yi magana?

Abin da aka yi wa dattijon nan a ƙarƙashin bidiyonsa rashin tarbiyya ne, kuma ba zan nemo masa wani suna mai laushi ba. Duk kun gani. Mutum sa'an kakan wasunku, ya fito daga fadama da taɓo a ƙafa, an tambaye shi a ƙarshen 2023 yadda yake ganin gwamnatin Tinubu, ya ce shi dai bai ga komai ba sai wahala, injinsa na ban-ruwa ma a jingine yake tun da mai ya tashi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sai ga yara sun yi masa caa: ɗan adawa ne, biyansa aka yi, bai san tattalin arziki ba. Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai nuna ladabin nan da ya rubuta, "Baba a yi haƙuri, wata shida kacal, ya yi wuri a yanke wa gwamnati hukunci."

Bai yi wuri ba. Wallahi bai yi wuri ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu a dandalin Eagle Square, kuma a jawabinsa na farko, kafin ya naɗa minista ko ɗaya, ya ce tallafin man fetur ya tafi. Kafin magariba gidajen mai sun fara rufe ƙofa. Cikin kwana biyu litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli kuma ta kai 617 a gidajen NNPC na Abuja. A tsakiyar Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta tsallake 700, a kasuwar bayan fage kuwa ta wuce 1,000 kafin ƙarshen Oktoba. Gwamnati ba ta jira shekara ba kafin ta taɓa tukunyar talaka, a ranar farko ta taɓa ta. To da wane dalili za a ce talaka shi ya jira shekara huɗu kafin ya ce ya ji zafi? Wanda ya ɗauki mataki a rana ɗaya ya yarda ke nan a auna shi tun daga wannan ranar.

Kuma bari in faɗa tun yanzu, don na san masu zuwa da "ai kai ɗan PDP ne". Ni Tinubu na zaɓa. Ina cikin mutum sama da 248,000 da suka ba shi ƙuri'a a jihar Kebbi, a zaɓen da Atiku ya fi shi ƙuri'a a nan jihar. Na bi layi cikin rana a lokacin da ko naira dubu ba ka iya samu a hannu saboda canjin kuɗi. Wannan ƙuri'ar ita ta ba ni bakin magana. Kuma ko dattijon nan bai zaɓe shi ba, ko bai fita zaɓe ba sam, shugaban ƙasarsa ne, kuɗin man da yake biya iri ɗaya ne da na ɗan jam'iyya.

Ku da kuke zaune a Birnin Kebbi da data a waya, kun san abin da lita ɗaya take nufi a fadama? Noman rani a Argungu da Suru da Bunza da Augie da Bagudo kan fetur yake tafiya. Manomi ya haƙa tubuwel, ya ɗora ƙaramin inji, ya yi ta ba shinkafa ruwa tun daga dashe har ta nuna, wata uku zuwa huɗu. Ba ruwan sama, ba madatsar da za ta kwararo masa ruwa kyauta. Duk ranar da bai zuba mai ba, gona ta fara tsagewa. Idan kuɗin mai ya ninka sau uku, to babban kaso na kuɗin noman ne ya ninka sau uku, kafin a zo kan taki da maganin feshi da dala ta ɗaga, da kuɗin 'yan ƙwadago waɗanda su ma abinci suke saye, da kuɗin motar da za ta kai buhu kasuwa. Mai eka biyar ya koma biyu. Mai eka ɗaya ya bayar da hayar gonarsa ya tafi ci-rani. Wannan jihar ce fa Buhari ya zo ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a watan Nuwamba 2015, jihar da ta haɗa hannu da Legas aka yi shinkafar Lake Rice, jihar da kamfanonin Labana da WACOT suka kafa injinan casa saboda sun san akwai shanshera. Duk wannan suna da muka yi, a kan ƙaramin injin nan ya tsaya. Mutumin da ke tayar da injin ya ce ba ya iya zuba masa mai, kai kuma da ba ka taɓa jan igiyarsa ba kana koya masa tattalin arziki.

Manomi ba ya jiran girbi kafin ya san ko dashensa ya kama, mako biyu ya ishe shi ya duba ganye ya gane. Haka yake duban gwamnati, kuma yana da gaskiya.

Za ku ce ai duk manyan 'yan takara sun yi alkawarin cire tallafi. Na sani. Za ku ce kasafin da Buhari ya bari bai tanadi kuɗin tallafi ba sai zuwa watan Yuni. Wannan ma na sani, kuma na san ana kwasar man da aka yi wa tallafi ana tsallaka iyaka da shi, mu da muke bakin iyaka ba sai an ba mu labari ba. Ni ban ce a dawo da tallafi ba. Dattijon ma bai ce ba. Tambayar ita ce me aka tanada kafin a cire. Amsa kuwa a fili take: sai bayan an cire aka fara neman abin yi. Sai ranar 13 ga Yuli aka ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci. Sai ranar 31 ga Yuli shugaban ƙasa ya yi jawabi ya yi alkawarin fitar da hatsi tan 200,000 da taki tan 225,000 da motocin bas 3,000 masu amfani da gas. Sai a watan Agusta aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha. Ministoci ma sai 21 ga Agusta aka rantsar da su. To, mutum ya zauna a Gwandu ko Kalgo ya ce shi bai ga bas ba, bai ga taki ba, shinkafar da aka raba a mazaɓarsu ba ta kai ƙofar gidansa ba, sai a ce ƙarya yake? Ku kawo masa ya gani, zai yi shiru da kansa, har addu'a zai yi muku.

Kuma wannan magana ta "ku yi shiru ku ba shi lokaci" ita ce ta fi cutar da shugaban kansa. Ku tuna da naira 8,000. Gwamnati ta ce za ta riƙa ba gidaje miliyan 12 naira 8,000 a wata, har wata shida. Jama'a suka yi ca, suka ce wannan ko cefanen kwana biyu ba zai yi ba. Cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ce a sake duba shirin, daga baya aka dawo da 25,000 ga gidaje miliyan 15 na wata uku. Ƙarin 35,000 da aka yi wa ma'aikatan tarayya a Oktoba, sai da ƙungiyar ƙwadago ta ja daga da barazanar yajin aiki. Da an bi shawararku an yi shiru, da 8,000 ɗin aka tsaya. Duk gyaran da aka samu a wata shidan farko, ƙorafi ne ya jawo shi. Masu yabo ba su gyara komai ba.

Sannan ga maganar iyaka, wadda in mutumin Legas bai damu da ita ba, mu ba mu da wannan zaɓin. Sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. ECOWAS, wadda shugabanmu ke jagoranta a lokacin, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke bi ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, har aka ba da wa'adin mako guda da barazanar yaƙi. Ni ba na goyon bayan juyin mulki, kada wani ya ɗora min. Amma ku je Kamba ku ga abin da rufe iyaka yake nufi. Ku je Dole-Kaina, garin da iyaka ta ratsa ta tsakiyarsa. Ku je Bachaka da Kangiwa ku tambayi Arawa ina danginsu suke, za su nuna muku hanyar Dogondutsi. Mutumin Kamba yana da 'ya tana aure a Gaya, yana da abokin ciniki a Doso. Direbobin manyan motoci sun yi makonni a tsaye da kaya suna lalacewa, masu dako da masu abinci da 'yan kabu-kabu da ke ci daga zirga-zirgar nan duk sun zauna. A wannan ma, me ya tsayar da maganar yaƙi? Sanatocin Arewa ne suka fito suka ce ba su yarda ba, malamai suka yi magana a kan mumbari har suka tafi Yamai da kansu, talakawa suka yi ta ihu a rediyo. Lokacin gwamnati ba ta fi wata biyu da 'yan kwanaki ba. Da an ce ya yi wuri a yi magana, Allah kaɗai ya san inda muke yau. Kuma har ƙarshen 2023 iyakar a rufe take.

Ba na son in shiga maganar tsaro da yawa don zuciyata ba za ta ɗauka ba. Mutanen Danko/Wasagu da Sakaba sun san abin da suke ciki. Maƙwabtanmu na Zamfara, waɗanda suka ba Tinubu rinjaye a zaɓe, sun wayi gari ranar 22 ga Satumba an kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida. Ka je ka gaya wa uwar ɗaya daga cikin yaran nan cewa ya yi wuri.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne haƙurin nan ɓangare ɗaya ake nema wa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ta gwamnati ce ba ta 'yan adawa ba, ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 27.33 cikin ɗari a Oktoban 2023, ta abinci kuma ta wuce 31. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, bai kai kuɗin lita 50 ba. A cikin wannan hali aka rantsar da ministoci 45 a rana ɗaya. A cikin wannan hali 'yan majalisa suka tsaya kai da fata sai an saya musu manyan motoci na ƙasar waje. Su bai yi musu wuri ba su karɓi nasu. Talaka kaɗai ne komai nasa sai ya jira.

Kuma mu a Kebbi ba mu da uzurin cewa ba a jin muryarmu. Ministan kasafi da tsare-tsaren tattalin arziki ɗanmu ne, Sanata Abubakar Atiku Bagudu, wanda ya yi shekara takwas yana gwamna kuma ya san fadamun nan ciki da bai. A 2023 mun samu Dakta Yusuf Tanko Sununu a ma'aikatar ilimi. Gwamnanmu Kauran Gwandu daga ƙungiyar malamai da ƙwadago ya fito, ya san me ake nufi da albashi ya ƙare ranar goma ga wata. Kuɗin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru tun da aka cire tallafi, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. In har kuna ƙaunar waɗannan mutanen, ku bar gaskiya ta isa kunnensu. Wanda ya toshe bakin manomi ya toshe wa minista hanyar sanin abin da ke faruwa a gida.

A Janairun 2012, da Jonathan ya kai lita daga naira 65 zuwa 141, ba wanda ya ce a ba shi lokaci. Kwana kaɗan ƙasar ta tsaya cak, aka dawo da ita 97, kuma Tinubu da kansa yana cikin waɗanda suka soki matakin a lokacin. Ban ga laifinsa ba a jiya, don haka ba na ganin laifin mai suka a yau. Ina yi wa shugaban ƙasa fatan nasara da zuciya ɗaya, domin in ya faɗi da mu zai faɗi, 'ya'yana a ƙasar nan za su girma. Ina masa addu'a, ina kuma faɗin abin da na gani. Bai yi wuri ba.

Af, tun da na ambaci injin ban-ruwa. Na ga mutane da yawa a fadama sun fara juya injinansu zuwa gas ɗin girki saboda ya fi sauƙi. Dabara ce mai kyau, amma don Allah a kula. Na ga ana ajiye tukunyar gas cikin tsakar rana dab da inji mai zafi, an ɗaure tiyo da robar taya, yara na wasa a gefe, wani ma yana shan sigari. A nemi makanike wanda ya san aikin, a sayi tiyo da makulli na gaske, a yi wa tukunyar rumfa nesa da inji, a riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗa don a ga ko yana yoyo. In gwamnatin jiha na neman inda za ta sa kuɗin tallafi ya yi amfani, ta sayo famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, ta ba manoma bashi su biya da shanshera bayan girbi, kuma a bi ta hannun ƙungiyoyin manoma na ƙauye. Wanda ya san makaniken kirki mai wannan aikin a wajen Argungu ko Jega, ya yi min magana ta akwatin saƙo, akwai masu nema.