Zargin cutar ƙwayoyin mast: a auna jini a kan lokaci kafin a yanke hukunci

Akwai wani rukuni na marasa lafiya da ke shan wahala matuƙa kafin a gano abin da ke damunsu, saboda ciwon nasu ba ya tsayawa har likita ya gan shi da idonsa. Mutum yana zaune lafiya sai jiki ya ɗauki zafi, borin jini ya feso masa da ƙaiƙayi, ciki ya murɗa, gudawa ta biyo baya, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, wani lokaci ma jiri ya kwashe shi ya faɗi. Bayan 'yan sa'o'i komai ya lafa, kuma ranar da ya samu ganin likita babu sauran abin da zai nuna. Daga likitan fata a tura shi wurin na ciki, daga nan zuwa na zuciya, a ƙarshe wani ya ce masa damuwa ce kawai. Wasu daga cikinsu, bayan dogon karatu a intanet, sukan koma asibiti da zargin cewa ƙwayoyin mast, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, ne ke tayar musu da hankali. A ganina wannan zargi ya cancanci bincike na gaske, kuma bai kamata a tabbatar da shi ko a yi watsi da shi ba sai da gwajin da aka yi a daidai lokacin da ciwon ya taso.

Kowane mutum yana da waɗannan ƙwayoyi, waɗanda Paul Ehrlich ya bayyana a Jamus a 1878 tun yana ɗalibin likitanci. Suna zaune a fata, da bangon hanji, da hanyoyin numfashi, da kewayen jijiyoyin jini, cike da sinadarai irin su histamin da tiriftes da suke saki idan sun ji alamar haɗari, kamar dafi ko tsutsar ciki. Matsala takan zo ta fuska biyu. Ko dai ƙwayoyin su yi yawa fiye da kima saboda wani sauyi a halittarsu, wanda shi ne mastosaitosis, ko kuma su riƙa zubar da sinadaransu da yawa a kai a kai har jiki ya rikice, abin da likitoci ke taƙaitawa da MCAS.

Hanyar gano mastosaitosis sananniya ce, in dai an samu likitan da tunaninsa ya je kanta. Sau da yawa akan ga ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa a fata, waɗanda ke kumbura su yi ƙaiƙayi idan aka murza su. A yara cutar takan tsaya a fata kuma takan ragu ko ta ɓace wajen balaga, amma a manya yawanci tana cikin ɓargo. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya sun tanadi a duba samfurin ɓargo a nemi ƙwayoyin da suka cure wuri guda, goma sha biyar ko fiye, a kuma duba ko tiriftes ɗin jini ya haura nanogiram 20 a kowace mililita, sannan a nemi sauyin ƙwayar gado da ake kira KIT D816V, wanda ake samu a fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan da cutar ta shiga jikinsu.

Inda ƙurar take tashi shi ne MCAS. Ƙwararrun da suka taru a Biyenna, babban birnin Ostiriya, a 2010, suka kuma wallafa matsayarsu a 2012, sun gindaya sharuɗɗa uku waɗanda dole su cika gaba ɗaya: ciwon ya kasance mai tasowa da ƙarfi yana maimaituwa, yana taɓa aƙalla sassa biyu na jiki a lokaci guda, a samu shaidar ƙaruwar sinadaran ƙwayoyin a lokacin tasowar, sannan alamomin su sassauta da magungunan da ke toshe waɗannan sinadarai. Sharaɗi na biyu shi ne ginshiƙi, kuma a nan ne akasarin masu neman amsa suke rasa ta. Tiriftes yakan hau bayan ciwon ya fara, sannan rabinsa ya ɓace daga jini cikin kimanin sa'o'i biyu, saboda haka dole a ɗebi jini cikin sa'o'i huɗu da farawa, a sake ɗiban wani bayan an yi aƙalla sa'o'i 24 da samun sauƙi, a kwatanta su. Ma'aunin da aka amince da shi shi ne ƙarin kashi 20 cikin ɗari a kan adadin mutum na yau da kullum, a haɗa da nanogiram 2. Wanda adadinsa na kullum 5 ne, idan ya haura 8 a lokacin ciwo ya cika sharaɗin, alhali takardar ɗakin gwaji za ta nuna cewa 8 lafiya lau ne, tunda iyakar da aka saba rubutawa ita ce 11.4. Sakamako guda ɗaya da aka samu makonni uku bayan ciwon ya wuce ba ya faɗin komai game da abin da ya faru a ranar.

Saboda haka abu mafi amfani da likita zai yi wa mai irin wannan zargi ba shi da wuya ko kaɗan. Ya auna masa adadinsa na kullum, sannan ya ba shi takardar umurnin gwaji da zai riƙa yawo da ita, ta yadda duk sashen gaggawa da ya je a lokacin ciwo za a ɗebi jinin ba tare da gardama ba, a kuma rubuta lokacin da alamomin suka fara da lokacin da aka ɗiba. Ko asibitin ba ya yin gwajin, ana iya tace ruwan jinin a daskarar da shi a aika inda ake yi. Abin takaici ne a ce mutum ya shafe shekaru yana zarya alhali rashin wannan takarda ce kawai ta hana a kai ga gaskiya.

Akwai wasu likitoci da suka ga waɗannan sharuɗɗa sun yi tsauri, suka fito da nasu masu sassauci, waɗanda ke dogara sosai kan jerin alamomi masu yawa. Na fahimci tausayin da ke bayan hakan, domin wanda aka daɗe ana ƙaryatawa yana ƙishirwar a ba ciwonsa suna, amma ban yarda da hanyar ba. Kasala, da ciwon kai, da kumburin ciki, da rashin barci, alamomi ne da cututtuka barkatai ke haddasawa, kuma jin ɗan sauƙi bayan shan maganin borin jini ba hujja ba ce ita kaɗai. Idan aka yi gaggawar laƙaba sunan, bincike yakan tsaya cak, kuma a nan ne za a iya tsallake ciwon ƙari mai suna kasinoyid da ke jawo zafin fuska da gudawa, ko ƙarin da ke fitowa a saman ƙoda yana hargitsa hawan jini, ko matsalar maƙoƙo, ko kumburin da ake gada daga iyaye wanda maganin histamin ba ya taɓa shi. Wasu kuma sukan yi ta rage abin da suke ci saboda tsoro har su rame su rasa ƙarfi, an gudu ke nan ba a tsira ba. Ko yawan tiriftes ma ba ya wadatarwa shi kaɗai, domin ciwon ƙoda yana ɗaga shi, kuma a 2016 masu bincike a Amurka ƙarƙashin Jonathan Lyons sun nuna cewa wasu mutane sun gaji ƙarin kwafin ƙwayar gadon TPSAB1 mai samar da tiriftes, abin da ake samu a kusan kashi biyar cikin ɗari na mutane masu asalin Turai, kuma da yawansu ba sa jin wani ciwo.

Wannan tsauri bai ba likita lasisin sallamar mutum da kalmar damuwa ba. Baligin da ƙudan zuma ko rina ta harba ya suma nan take, musamman idan namiji ne kuma babu borin jini a jikinsa, ya kamata a nemi mastosaitosis a jikinsa ko da fatarsa tas take. Haka ma matashin da ƙashinsa ya yi rauni ko ya karye ba tare da wani dalili ba. Akwai kuma wani abu da nake ganin ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba: littattafan likitanci sun fi kwatanta cutar da jan fata, alhali a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka dole likita ya tambayi mara lafiya game da zafin da yake ji, ya kuma shafa fatar ya ji tudun kumburin. Sakaci a nan yana da tsada, domin mai mastosaitosis yana buƙatar a yi masa shiri na musamman kafin tiyata, kuma akwai magungunan da ke kai wa ga tushen cutar, irin su midostaurin da Amurka ta amince da shi a 2017 da avapritinib a 2021, waɗanda ba a ba kowa sai wanda aka tabbatar yana da ita.

Shi kuma mara lafiya, rubutaccen tarihin kowace tasowa, da lokacinta, da abin da ya gabace ta, da hoton fatar, da adadin hawan jini in an samu aunawa, ya fi masa amfani a gaban likita fiye da tarin bayanan da ya kwafo daga intanet. Magungunan histamin ba sa sauya sakamakon tiriftes, saboda haka babu dalilin barin su don a yi gwajin. Wanda kuwa ya taɓa suma ko numfashinsa ya sarƙe a irin wannan ciwo, bai kamata a jira kammala bincike kafin a ba shi allurar adirenalin ta gaggawa a koya masa yadda zai yi wa kansa a cinya ba, kuma idan ciwon ya taso allurar ce farko, ɗiban jini ya biyo baya.