Tarbar baƙo a ƙauye ba neman kuɗi ba ce

Ana yawan cewa mutanen karkara suna rububin tarbar Bature ne don suna sa ran zai raba kuɗi. Ganin yara suna bin mota suna kiran "Bature! Bature!" yana iya sa mutum ya zaci haka, amma maganar tana damuna, domin ba daidai ba ce.

A ƙauyukan ƙasar Zazzau, kamar na Giwa ko Soba, tarba tana da tsari, kuma ko malamin makarantar da aka turo daga Kafanchan ita ake yi masa. Za a shimfiɗa tabarma a zaure, a kawo ruwa ko fura kafin a tambayi abin da ke tafe da shi, sannan a kai shi gaban mai unguwa ko dagaci. Daga nan amanarsa ta koma wuyan gari. Idan wani abu ya same shi, garin ne ya ji kunya.

Inda ake samun matsala shi ne baƙo ya ci tuwon dawa da miyar kuka, ya zaro kuɗi zai biya. Maigida zai ji an mai da gidansa wurin sayar da abinci. Abin da ya dace shi ne tukuici kaɗan ga yaron da ya kawo akushi, da goro ga dattawa, a miƙa da hannun dama.