Laura Whitmore ba gudu ta yi daga Love Island ba, lissafi ta yi

Tun da Laura Whitmore, 'yar ƙasar Ailan, ta ajiye aikin gabatar da Love Island, shirin talabijin na Birtaniya, a watan Agustan 2022 har yau ana samun masu cewa wai kasawa ta yi, wasu ma cewa suke dama can ba abun da take tsinanawa a shirin, ta zo ta yi 'yan mintoci gaban kyamara ta kwashi kuɗi ta hau jirgi ta koma Landan. Ni kam ban yarda ba, kuma ba don ina son shirin ba ne, don gaskiya ba irin wanda mutum zai zauna kallo da iyalinsa ba ne: samari da 'yan mata ake tarawa a wani gida a tsibirin Majorca na Sifaniya, kowa ya nemi wanda zai haɗe da shi, masu kallo suna ƙuri'a, waɗanda suka yi nasara su tashi da fam 50,000. Amma ƙin shiri daban, raina aikin wadda ta riƙe shi daban.

Da yawa da sun ji an ce mai tallan kayan ƙawa ce shikenan sun gama yanke hukunci, kyau ne ya kai ta. To yarinyar da ta taso a garin Bray, kudu da Dublin, aikin jarida ta karanta a Jami'ar Birnin Dublin, kuma a 2008 gasa ta shiga wadda MTV ta shirya don neman mai gabatar da labarai, ta ci, ba wani kawu ne ya ɗaga mata waya ba. Tafiyarta Landan kuwa ba abun mamaki ba ne, Ailan ƙasa ce mai mutum miliyan 5 da 'yan kai, kujerun da ke RTÉ, gidan rediyo da talabijin na ƙasar, ba su da yawa, ga shi ɗan Ailan ba ya buƙatar biza kafin ya zauna ya yi aiki a Birtaniya. Hanyar da Terry Wogan da Graham Norton, 'yan Ailan da suka yi suna a gabatar da shirye-shirye a Birtaniya, suka bi kenan tun kafin ita. Daga 2011 zuwa 2015 ita ke gabatar da shirin tashar ITV2 da ke biyo bayan I'm a Celebrity, gasar da ake tara shahararru a daji, daga Ostareliya, kai tsaye, inda in harshenka ya sarƙe ba mai cewa a yanke a sake.

Inda nake so a tsaya a duba da kyau shi ne yadda ta hau kujerar Love Island. A Disambar 2019 Caroline Flack, wadda ke gabatar da shirin, ta sauka bayan an tuhume ta da laifin dukan saurayinta, aka kira Laura ta riƙe zangon da za a ɗauka a Afirka ta Kudu a Janairun 2020. Ƙawarta ce fa, kuma wannan ne karo na biyu da ta gaje ta a aiki, don shirin Ostareliyan ma daga hannunta ta karɓa. Ana cikin zangon, ranar 15 ga Fabrairu, Caroline ta kashe kanta. Washegari Laura ta shiga shirinta na rediyo a BBC 5 Live, murya na rawa, ta caccaki jaridun da ke cin abinci da kanun labarai na tozarta mutane, da masu ɓuya bayan waya suna zagi a soshiyal midiya. Wannan ba aikin wadda aka ɗauka don ado ba ne. Kuma ku duba, daga ranar duk abun da ta yi sai an auna shi da na marigayiya, tafiyarta, dariyarta, har kayan da ta saka. Wa zai ji daɗin aiki a haka?

Maganar 'yan mintoci kuma, ai tsarin shirin ne haka, mai gabatarwa tana leƙowa ne ranar buɗewa, da ranar da za a kori wasu, da ranar rufewa, sai shirin hira na ƙarshen mako a Landan. Muryar da ake ji kullum ta mijinta ce, Iain Stirling, ɗan barkwancin Sikotilan, shi ba a ganin fuskarsa ma sam, amma ban taɓa jin an taso shi a gaba ana lissafa masa mintoci ba. Ita ce dai.

Da za ta tafi abun da ta faɗa bai da wani rufa-rufa: dama zango ɗaya ta yi niyyar riƙe wa Caroline sai ya zama uku, ga zirga-zirgar jirgi, ga wasu ayyukan da suka ci karo. Ta haihu a 2021, kuma ITV, tashar da ke nuna shirin, na shirin yin shi sau biyu a shekara. In kura na maganin zawo ta yi wa kanta, shirin da ke sayar da labarin soyayya da zaman tare shi ne zai riƙa raba uwa da jaririyarta. Maya Jama ta karɓa a 2023, shirin bai mutu ba, ita ma ba ta mutu ba.

Inda masu suka ke da 'yar gaskiya shi ne batun wasan dandamali. Wata guda bayan ta bar Love Island sai ga ta a gidan wasan Criterion na Landan cikin 2:22 A Ghost Story, kuma kowa ya san furodusoshin wasan nan sun iya kasuwa, da Lily Allen suka fara a 2021, bayan Laura suka kawo mawaƙiya Cheryl. Sananniyar fuska tana sayar da tikiti, kuma akwai 'yan wasan da suka ƙare makarantar koyon wasa suna rabon abinci a gidajen cin abinci suna jiran a kira su, ba a kira su ba. Wannan ƙorafi ne na gaske, sai dai kan masu zuba kuɗin ya kamata ya sauka. Ita tun 2017 ta zaga biranen Birtaniya da wasan Not Dead Enough, lokacin ba ta taɓa Love Island ba, kuma dandamali ba ya ɓoye wanda bai iya ba, dare bayan dare kana tsaye gaban mutanen da suka biya kuɗinsu, ba edita ba gyara.

A 2023 kuma ta koma abun da ta karanta, ta yi wa ITVX, dandalin kallo na ITV a intanet, shirin bincike mai kashi uku, ɗaya kan mazan da ke taruwa a intanet suna hura wa juna ƙiyayyar mata, ɗaya kan masu bibiyar mata ta intanet suna hana su sakat, ta je har Amurka ta zauna da mutanen ido da ido tana musu tambayoyi. Masu kallonsa ba su kai na Love Island ba ko kusa, ita ma ta san haka kafin ta sa hannu a kwantiragin.