Kafin ka ce masa daƙiƙi

Da ku nake, 'yan'uwana matasa masu riƙe da alli a firamare da Islamiyya, da masu bautar ƙasa da aka jefa aji ba shiri, da ku yayye da ake turo wa ƙanne bayan Isha'i a ce "duba masa aikin gida". Kalmar "daƙiƙi" ta yi mana arha a baki. Ni ma na sha furta ta, Allah Ya yafe mini.

A shekarata ta farko da koyarwa akwai wani yaro ɗan aji huɗu. In na ba da labari yau, gobe zai maido mini da shi tiryan-tiryan. Lissafin canji kuwa ko mai shago albarka. Amma da na ce tashi ka karanta, sai ya kafa yatsa a kan layi, zufa ta keto masa, ya ga "dawa" ya ce "bawa", ya tsallake layi guda bai sani ba. Kullum aka zo karatu fitsari yake ji. Na ɗauka raini ne, na yi wata da watanni ina tsula masa bulala, ba ta ƙara masa ko harafi ɗaya ba.

Ashe abin yana da suna, disileksiya, kuma ba yau aka san shi ba. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa masa sunan. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda sunansa ma, Percy, sai ya rubuta shi "Precy". Malaminsa yana ganin da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da ba mai kama ƙafarsa a makarantar. Da na karanta haka jikina ya yi sanyi, kamar ɗalibina ake siffantawa.

Ba ciwon ido ba ne, ba sammu ba, ba lalaci ba. Ƙwaƙwalwar yaron ce ke shan wuya wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Yana bin jini, shi ya sa in ka bincika sau da yawa za ka tarar da baba ko kawu da ya gudu daga boko. A Birtaniya ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 10 yana da shi. Ƙirga kawunan ajinka ka yi lissafi.

Kada kuma mu wuce gona da iri. Ɗan shekara shida ya juya b da d ba abin tashin hankali ba ne. Wani ba ya ganin allo ne, wani kunne ne, wani kuwa a ajin yara ɗari ba wanda ya taɓa koya masa. A fara duba waɗannan.

In an yi haka abin bai sake ba, to ka canza hannu. Tun shekarun 1930 Samuel Orton da Anna Gillingham a Amurka suka ɗora koyarwarsu a kan haɗa ido da kunne da hannu lokaci guda. Mu da muke da yashi kyauta, me za mu jira? Ya zana harafi a ƙasa da yatsa yana faɗin sautinsa, ya murza shi da laka, yau ɗaya gobe ɗaya, a yi ta bita. Ka fara masa da Hausa, don kusan yadda ka ji kalma haka za ka rubuta ta, ba kamar Turanci ba. Sai dai ka bi b, ɓ, d, ɗ a hankali, kada ka haɗa masa su rana ɗaya.

Don Allah ka daina tayar da shi bagatatan a gaban 'yan aji su yi ta ƙyalƙyala dariya. Ba shi shafin tun jiya. Ka ƙara masa lokaci a jarrabawa, wani abin ka tambaye shi da baki. Ka je har gida ka ce wa iyayensa ɗansu ba jaki ba ne, ba a warkewa sarai amma ana iya karatu.

Shi nawa ɗalibin an cire shi kafin ya gama aji biyar. Bara na kai gyaran waya kasuwa na tarar shi ne mai rumfar, da yara uku a ƙarƙashinsa. Ya gyara, ya ƙi karɓar kuɗi, wai "Haba Malam." Rasit ɗin wani mai ciniki kuwa, yaronsa ya miƙa wa ya rubuta.